Shaidar Baba Ɗanladi

Sau uku Rifkatu tana danna wurin gogewa kafin yatsanta ya sauka daidai. Bidiyon ya ɓace daga shafin cocin. To, amma ina amfani? Mutum fiye da ɗari biyu sun riga sun tura shi gaba.

Ita ke riƙe da shafin ƙaramin cocinsu na Bodinga a Fesbuk, don ita ce mai wayar kirki. Wata takwas tana ɗora wa'azi, masu kallo ba su taɓa wuce arba'in ba, rabinsu ma danginta ne na Zuru. Sai jiya Lahadi, da Baba Ɗanladi direba ya tashi ba da shaida. Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannun 'yan bindiga kafin ya gudo. Rifkatu ta saita waya kai tsaye, yana magana yana kuka, mata na guɗa. Mai shaida kuwa ba ya rage kowa. Duk wanda ya taimake ka sai ka kira sunansa jama'a su sa masa albarka. Haka ya kira Malam Lirwanu, makiyayi a bayan Mandera, wanda ya ɓoye shi cikin rumbu, ya kuma ce wa masu binsa da bindiga bai ga kowa ba. Coci ya kaure da tafi. Ita kuma uwar iyawa har matsawa ta yi kusa don a ji sunan da kyau.

Yau da safe a shagon ɗinkinta tana bin sharhin mutane, tana murmushi, sai ta ci karo da na wani marar hoto. Kalma uku ya rubuta: "Ashe Lirwanu ne."

Nan take ta tuna cewa 'yan bindigar ma za su iya ganin bidiyon.

Tana gama gogewa ta kira Fasto, wanda ya tafi taro Sakkwato. Bai ma bari ta gaishe shi ba.

"Rifkatu, kin ga aikin Ubangiji? Mutum dubu huɗu! Yanzu nake nuna wa sauran fastoci."

"Baba, na goge shi."

"Kin me?"

"Mun faɗi sunan mutumin nan, Baba. Da garinsu. Su ma fa mutanen dajin suna da waya."

Ta ji ya ce, "Wayyo Yesu," a hankali. Ya ce ta jira ya tambayi Ɗanladi lambar Malam Lirwanu. Bayan minti biyar ya sake kira, ya ce mutumin ko waya ba ya riƙewa, ta dai yi haƙuri ya dawo da yamma su san abin yi.

Yamma? Rifkatu ta bar ɗinkin mutane a kan keke, ta yafa mayafi, ta rufe shago. Tsoro take ji sosai, ba ta kuma san hanyar ba, amma ta fi tsoron zama.

Ta shiga mota zuwa Shagari, a tasha ta tare ɗan acaɓa, ta ce Mandera, wajen Malam Lirwanu mai shanu. Ya juyo ya dube ta.

"Wanda anka sa cikin waya?"

Ta hau kawai.

Dawa da gero sun rufe hanyar hagu da dama, sun fi tsawon mutum. Duk mashin ɗin da ta ji a bayansu sai ta ƙanƙame ƙarfen kujera. Ta fara addu'a, kalmomin suka ƙi haɗuwa, sai "Ya Uba, Ya Uba" kawai take maimaitawa har suka wuce gari suka gangara wajen wasu bukkoki huɗu.

Wata mata na daka a tsakar gida. Ga rumbun nan kuwa, ƙarami, da jinka sabuwa. Wani siririn dattijo yana tsugune yana ba maraƙi ruwa. Yana da rai! Rifkatu ta durƙusa tun kafin ta isa gabansa.

Sai da ya gama tambayarta gajiya da mutanen gida, ya sa matarsa Zulaihatu ta kawo mata nono, sannan ya saurare ta. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye cewa ita ta riƙe wayar ba. Zulaihatu ta jingine taɓarya ta tsaya.

"An hwaɗi sunana?" in ji shi.

"An faɗa, Baba."

"Da wurin ga?"

"Har da rumbun."

"Mutum nawa sunka ji?"

"Dubu huɗu."

Da alama lissafin ya fi ƙarfinsa. Rifkatu ta ce, "Sun fi mutanen kasuwar Shagari ranar da take ci."

Zulaihatu ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Malam, ban ce maka ba?"

Ya miƙe ya dubi gonarsa, geron ya yi kai ya sunkuya, bai fi saura mako biyu a yanke ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ku zo Bodinga, Baba," in ji Rifkatu, tana kuka. "Akwai ɗaki a coci. Wallahi za mu riƙe ku."

"Da shanu talatin, ɗiyata?"



Ya juya wajen matarsa. "Zulai, ɗaure kaya. Abin da jaki ka iya ɗauka kaɗai." Sannan ya ce wa ɗan acaɓan, wanda ke tsaye bai ko kashe mashin ba, "Mai da ta maza, kada la'asar ta ishe ku bisa hanyar ga."

Rifkatu ta kasa tashi. "Baba, ka yafe mana. Godiya ya so ya yi maka."

Malam Lirwanu ya sunkuya yana kwance igiyar maraƙin daga turke.

"Na sani," in ji shi. "Ki ce ma Ɗanladi godiya tai ta iso."