Inda Ba a Ɗaga Murya

Ranar Asabar ce, rana tana dukan gilashin mota, amma can bayan duwatsu hadari ya haɗu ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Auta ta kashe motar a ƙofar wurin hutun, ta juyo ta dubi mahaifinta.

"Mun iso, Baba! Sauko ka sha iskar da ba ta da ƙura!"

Wannan kam ya ji ta sarai. Auta malamar firamare ce, muryar da take tsawata wa 'yan bayan aji da ita take hira a gida. Mahaifin nata, wanda kowa ke kira Mai inji, ya sauko yana gyara hula, ya dubi bishiyoyi da ƙananan ɗakunan katako da ke warwatse a cikinsu.

"Yanzu kuɗi kika biya don mu zo daji? Dajin da muka gudo daga cikinsa?"

"Wannan dajin da katifa, Baba."

Shekara talatin da wani abu ya yi a tsaye kan injin niƙa a bayan kasuwa. A rumfarsa ba a magana, ihu ake yi. Mai kawo niƙa ihu, mai karɓa ihu, ko gaisuwa sai an haɗa da hannu. Shi ya sa ba wanda ya lura lokacin da kunnensa na hagu ya mutu, na dama kuma ya kama hanyar binsa. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi gyaɗa kai, ya koyi yin dariya idan ya ga an yi. Tun rasuwar matarsa manyan 'ya'yansa suke neman dalilin sayar da injin su zaunar da shi a gida, babban har ya samo mai saye. Auta ce kaɗai take tare masa faɗa, kullum tana cewa a ƙyale shi, lafiyarsa ƙalau. Ya san ranar da ta gane halin kunnen nan, ranar injin zai tafi. Shi kuwa idan ba rumfar, bai san inda zai kai kansa da safe ba.

A ɗakin karɓar baƙi wata budurwa mai fararen kaya ta nuna musu allo a bango. An rubuta cewa nan ba a ɗaga murya. Ta yi magana tana murmushi, leɓenta da ƙyar yake motsi. Mai inji ya gyaɗa kai ya ce, "To."

Auta ta toshe baki tana dariya, ta matso kusa da fuskarsa. "Cewa ta yi shayi ko ruwa, ka ce to."

"Duka biyun mana! Ba kin biya ba?"

Mutanen da ke zaune a kujeru suka waiwayo gaba ɗaya. Auta ta ja hannun rigarsa, ta ɗora yatsa a baki. Daga nan ita ma ta sauke murya, sai ya ji kamar an rufe ƙofa an bar shi a waje.

Da hantsi jagoran wurin ya fita da baƙi zagayen daji. Dogo ne, da gashin baki mai kauri da ya rufe masa leɓen sama, ga shi yana magana yana kallon bishiyoyi. Mai inji ya yi iya ƙoƙarinsa bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Can jagoran ya tsaya ya ɗaga yatsa. Kowa ya tsaya cak, aka karkatar da kai, wata mata har da lumshe ido. Mai inji ya bi yatsan da kallo, ya ga ɗan tsuntsu mai jan wuya a kan reshe, maƙogwaronsa yana rawa. Abin da yake ji shi kaɗai shi ne injin da ya kulle jiya da yamma, yana nan yana aiki a cikin kansa.

Auta ta taɓa shi, idonta yana ƙyalli. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Da suka iso bakin kogi, jagoran ya ɗaga usur ɗin da ke wuyansa ya yi bayani. Cewa ya yi idan an yi ruwa a kan duwatsu, kogin yakan ciko ko da nan ba a ga ɗigo ba, duk wanda ya ji usur ya fito nan take. Kowa ya gyaɗa kai. Mai inji ma ya gyaɗa.

Kogin yashi ne yawancinsa, ruwan bai wuce idon sawu ba. A tsakiya akwai wani faffaɗan dutse. Auta ta riƙe hannunsa suka taka zuwa can suka zauna. Ta daɗe tana wasa da bakin jakarta, sannan ta zaro wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Ya gane ta nan take. Wayar matarsa ce.

Auta ta fuskance shi, don haka ya samu leɓenta.

"A ƙasan akwatinta na same ta. Na sa caji, sai na ga ta ɗauki murya lokacin tana asibiti. Na kunna, abin da ta fara cewa shi ne, Auta, wannan na babanki ne, cire kunnenki. Sai na kashe. Wallahi ban ƙara ba."

Ya ƙura wa wayar ido.

"Ka tuna abin da take cewa kullum? Wai a kai ka inda babu inji, ko sau ɗaya ta fara magana ta kai ƙarshe." Ta goge ido da bakin gyale. "To ga shi na kawo ka."

Ta wuce wurin da ta riga ta ji, ta rage ƙarar saboda dokar wurin, ta miƙa masa. Ya kara wayar a kunnen dama ya danne da ƙarfi. Muryar tana nan, ya san hawanta da saukarta, amma kamar ta mutumin da ke magana a bayan katanga biyu. Wani wuri ta ɗan tsaya, wataƙila tari ne, wataƙila dariya. Bakinsa ya buɗe zai ce a ƙara murya. Sai ya ga idon Auta a kansa, ya tuna mai sayen injin. Ya rufe bakin, ya ci gaba da gyaɗa kai har wayar ta daina motsi a kumatunsa.

"Me ta ce?" in ji Auta.

"Tsakanina da ita ne, sarkin son jin gulma."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Shi kuwa yana ta lissafi a ransa. Idan an koma gida zai kai wa mai gyaran waya ya haɗa masa da lasifika, ya kulle ɗaki ya ji abinsa. Amma gida sai gobe, wayar kuma ga ta a hannunsa.

"Auta, je ki sha shayinki. Bar ni da ita kaɗan."

Ta shafa kafaɗarsa ta tashi. Ya bi ta da ido har ta haye ta shiga cikin bishiyoyi. Sannan ya juya baya ga duwatsu don rana ta daina haska gilashin wayar, ya fara laluba. Yatsunsa sun saba da bel da sifana, ba su saba da wannan ba. Ya danna nan hotuna suka fito, ya danna can ta koma farko. Gumi ya karyo masa. Da ƙyar ya gano wurin, ya sami maɓallin gefe ya danna shi har ya ƙure. Ya manna wayar a kunnen dama, kunnen da ya rage masa a duniya, ya sa tafin hannu ya rufe.

A bakin kogi jagoran ya busa usur. Ya sake busawa. Baƙin da ke cikin yashi suka fito da gudu.

Mai inji kuwa muryar matarsa ya ji. Daga nesa, amma ya ji. Ta gama sallamar Auta, ta ja numfashi, ta kira shi da sunan da ita kaɗai take kiransa saboda garin niƙa da ke kwana a girarsa.

"Kai, mai farar gira..."

Sai aka fizge shi ta baya. Ruwa ja, mai sanyi, ɗauke da karare da kumfa, ya bugi cinyarsa. Ya ga fuskar Auta daf da tasa, bakinta a wage, jijiyar wuyanta a tashe. Ƙafarsa ta zame daga kan dutsen, ya kai hannu biyu ya cafke ta. Jagoran ya shigo har ƙugu ya kama su, wasu maza biyu suka ja jagoran, aka fito da su kamar buhunan da suka jiƙe.

Sai da ya zauna a kan ciyawa ya dubi hannunsa. Babu komai a ciki.

Auta tana tsaye a kansa tana ihu, dokar wurin ta tashi aiki. "Usur ake ta busawa! Ina ta kiranka, Baba, kowa yana kiranka! Kashe kanka za ka yi?"

Ya ɗago yana bin leɓenta da kallo. Ta tsaya tana haki, tana kallonsa wani iri. Sannan ta zagaya bayansa. Ya ji ɗumin numfashinta a ƙeyarsa, sau ɗaya, sau biyu. Ya san magana take yi. Ya yi tunanin ya ce to, amma ya gaji.

Ta dawo ta durƙusa a gabansa, ta yi magana a hankali yadda zai ga bakinta.

"Tun yaushe?"

"Tun mamanku na da rai."

"Ta sani?"

"Ita ce take maimaita min abin da baƙi suka ce. Ta zauna a damana, ta faɗa da ƙarfi kamar da ni take faɗa."

Auta ta dubi kogin da ya cika ya batse, dutsen da suka zauna a kai ya ɓace.

"Shi ya sa ta ɗauka a waya. Don ka ƙara muryar yadda kake so." Ta juyo. "Ɗazu da na ba ka, ka ji abin da ta ce?"

Yana iya cewa ya ji. Yana iya ƙirƙiro mata magana mai daɗi, ta riƙe har tsufanta. Ya dubi ƙafarsa guda da babu takalmi.

"Ban ji ba."

"Maɓalli ɗaya ne, Baba. Da ka ce in ƙara."

"Na sani."

Ba su kwana a wurin ba. Budurwar mai fararen kaya ta kawo musu tawul tana ta ba da haƙuri, ya ga bakinta yana motsi, wannan karon bai gyaɗa kai ba. A mota Auta ba ta kunna rediyo ba. Sai da suka hau kwalta ruwan sama ya iso su, yana kallon ɗigon yana fashewa a gilashi ba tare da ƙara ba. Ya ce mata idan sun isa ta kira yayanta, ya turo mai sayen. Ta ce ba yau ba. Ya ce yau.

Abin da kogin ya tafi da shi ranar bai da yawa. Takalmi ƙafa ɗaya, hula, gyalen Auta, da tsohuwar waya mai ɗaurin roba. Injin kuma mota ta zo ta ɗauke shi kafin ƙarshen wata. Daga saƙon matarsa, kalma huɗu ya samu.