Gyaɗar Gogo Hansai

"Ƙara gishiri," in ji Gogo Hansai tana lasar bayan cokali. "Kaɗan fa, ɗiyata. Ba miya kike yi ba."

Khalida ta barbaɗa gishirin a kan narkakken cakulan, ta ci gaba da juyawa. Kwanon yana zaune a bakin tukunyar ruwan zafi, ƙamshi ya cika kicin ɗin, ga shi azumi na ashirin da tara, ko la'asar ba a yi ba. Ba damar ta kai harshe. Shi ya sa ta hau sama ta kirawo Gogo.

Gogo mutuniyar Maraɗi ce. Tana zaune a ɗaki guda da ke kan rufin beninsu a Malaz, ita da 'yarta Fatsuma mai aikin gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Bana likita ya hana ta azumi saboda maganin zuciya, abin kuma ya tsaya mata a rai, har ruwa a ɓoye take sha alhali ita kaɗai ce a ɗaki.

"Shekara sittin ina azumi, ba wanda ya neme ni," ta ce. "Na sha sau ɗaya, an ba ni muƙami."

Khalida ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Shekararta biyu a Riyad, ta biyo mijinta Abdussalam injiniya, takardar digirinta tana ƙasan akwati. Ba ta iya shiga mutane ba tun tana Kano. Gogo ce ta fara ƙwanƙwasa mata ƙofa, ita ta nuna mata inda ake sayar da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Utaiƙa, ita kuma ta yi mako guda tana dama mata kunu lokacin da ta yi ɓari.

"To, in ya narke sai mi?" Gogo ta tambaya.

"Sai a baza shi a tire, a watsa masa kayan haɗi, ya daskare. Sannan a farfasa."

"A farfasa? Ki sha wahala ki yi abu, ki farfasa da hannunki? Kai, Nasara da neman aiki."

Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ƙullin leda. Soyayyiyar gyaɗa ce, ta gida, wadda aka aiko mata, ta murje ɓawon tas.

"Sa wannan. Ta fi wancan koren abin naki."

Koren abin fustuƙ ne, wata ƙwaya mai tsada, dangin gyaɗa a wajen ci. Khalida ta saye shi tare da busassun furannin wardi, kamar yadda ta gani a waya. Ta baza tire na farko a hankali, ta jera masa fustuƙ da wardi, ta bar shi ya huce a inuwa. Kafin ta juyo, ragowar cakulan ɗin ya fara kamewa, ga girkin buɗa-baki yana jiranta. Sai ta ɗora kwanon kai tsaye a kan wuta, ta juye a tire na biyu, ta watsa gyaɗar Gogo, ta cusa a firiza.

Washegari aka tashi da Sallah. An yi yayyafi da asuba, garin ya yi luf. Tiren fustuƙ ya fito yana sheƙi, in ta karya sai ya ce ƙas. Na gyaɗa kuwa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Ta farfasa shi, ta tara a wani faranti mai bakin shuɗi, ta tura bayan ƙofar kicin.

Da hantsi baƙin suka iso. Hajiya Rakiya, matar babban likita, wadda ke riƙe da ƙungiyar matan Najeriya, da ƙawayenta biyu. Yau ne karon farko da suka yarda suka tako gidan Khalida, ita kuwa wata guda ta yi tana shiri.

"Masha Allah, ke kika yi wannan?" in ji Hajiya Rakiya tana gutsurar cakulan mai fustuƙ. "Ashe shiru-shirun nan akwai abu a ƙasa. Dole mu sa ki a kwamitin walima."

Khalida tana zuba musu gahawa aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau uku, a hankali. Ta san bugun.

Gogo ce, cikin sabuwar atamfa a ƙarƙashin tsohuwar abaya, hannuwanta sun sha lalle. Tana haki, don lif ba ya kaiwa rufi, da ƙafa ta sauko. Silifas ɗinta na roba ya ƙone a gefe ɗaya.

"Barka da Sallah, ɗiyata. Ya abinmu, ya yi?"

Khalida ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa ba. Ta miƙa hannu bayan ƙofar kicin da ke dab da ita, ta ɗauko faranti mai bakin shuɗi.

"Ga shi, Gogo. Ina da baƙi ne. Zan hau anjima."

Gogo ta dubi farantin, ta dubi takalman da ke jere a ƙofa. Ta karɓa da hannu biyu.

"Har nan ma hawowa suke yi?" Muryar Hajiya Rakiya ce daga falo. "Ai tun jiya aka gama rabon fidda-kai."

Aka yi dariya. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba Khalida ta ji bakinta ya ce, "Na sallame ta, Hajiya."

Ba ta hau ba ranar nan. Washegari Abdussalam ya kai ta bayan gari kallon ciyawar da ruwan bazara ya fito da ita, tana cikin mota tana tsara abin da za ta faɗa wa Gogo. Rana ta uku ta saka mayafi har sau biyu, ta kai matakala ta farko, ta dawo. Ta ce sai ta sake yin wani cakulan ɗin mai kyau tukuna, ta hau da shi.

Bayan azahar Abdussalam ya shigo bai cire takalmi ba.

"Khalida, tsohuwar nan taki ta rasu. Yanzu mai gadi ya gaya min. Bayan la'asar za a yi mata sallah."

Rufin yana nan yadda ta san shi: tankunan ruwa, igiyar shanya, gwangwanayen madara da Gogo ta shuka yakuwa a ciki. Mata biyar ne a ɗakin, duk masu aikin gidaje, suna zaune a kan tabarma. Khalida ta durƙusa ta yi gaisuwa, ba ta iya ɗaga kai ba.

"Ke ce mai alewar?" wata ta tambaye ta. "Ai mun sha labarinki. Duk wadda ta zo gaishe ta ranar Sallah sai ta gutsura mata, ta ce da gyaɗarta aka yi, ita ce ma mai ɗanɗano."

Da ta tashi tafiya Fatsuma ta biyo ta har bakin matakala, riƙe da faranti mai bakin shuɗi. An wanke shi, an cika shi da murjajjiyar gyaɗa.

"Inna ba ta mayar da kwano ba komai. Jiya ta wuni tana murza ta."

"Yaya Fatsuma," Khalida ta ce, "ranar Sallah ban bar ta ta shiga ba. Kuma na faɗi wata magana."

"Na sani."

"Ta ji?"

"Kunnenta ƙalau yake." Fatsuma ta gyara ɗankwalinta. "Ba ta ce komai a kai ba. Sai dai ta ce in na gan ki in gaya miki, barka da Sallah kawai ta je yi miki."

Ta ɗora wani ɗan ƙulli a kan gyaɗar, an naɗe shi da takardar magani.

"Wannan kuma ta ce naki ne. Wai kina azumi aka yi shi, ba ki san daɗinsa ba."

Khalida ta sauko matakala shida, ta zauna. Ta warware takardar. Gutsure guda ne, fari-fari, da gyaɗa uku a jiki. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar, ta ji takun maza suna fita ta ƙasa. Ta riƙe gutsuren a tafin hannunta, farin ya ɓace a hankali, ya koma baƙi, ya fara narkewa a tsakanin yatsunta.