Kasuwa Ta Tashi

Wani dare Tela ya ji kuka a ƙarƙashin matashinsa, kamar gyare ya faɗa cikin kwalba. Ya ɗaga matashin, sai ga wayarsa tana ƙyalli.

'Yarsa Auta ce ta sa wa wayar wannan kukan. Ita ce kuma ta zuba kuɗin shagon da ya sayar a hannun jari, don su yi auki kafin ranar da za a yi wa mahaifiyarta aikin ido. Ta koya masa ƙa'idar: a gwada farashin hannun jari da ribar da kamfanoni ke samu. In farashi ya yi wa riba nisa, tsada ke nan, a sayar da rabi a ajiye. In ya sauko ƙasa, araha ce, a ƙara saye. Duk wanda ya faru a cikin biyun, wayar za ta yi kuka. Abin ya burge Tela. Bai taɓa ganin awo ba tef ba.

Da safe ya kira dillalin da ke kula da jarin.

"Ɗana, abar nan ta yi kuka."

"Ai dole, Baba. Kasuwa ta tashi. Me za a yi?"

"Ta tashi?"

"Sosai ma."

Tela ya hango a ransa rumfuna wayam, iska tana wasa da leda a tsakanin tebura. Wa zai sayar wa a kasuwar da ta watse?

"To, a bar su sai ta sake ci."

Bayan 'yan makonni kukan ya dawo, da rana tsaka. Auta ta karɓi wayar ta duba, sai ta zauna a kan kujerar keken ɗinki.

"Baba, wancan kukan na farko fa? Ba ka sayar ba?"

"An ce mini ta tashi."

"Hawa ta yi, Baba. Hawa. Yanzu ta zube."

Abin da ya rage ko ido ɗaya ba zai yi ba.

"To yanzu me awon naki ya ce?"

"Ya ce araha ce, a saya."

"Da me?"

Ya sake kiran dillali. Dillali ya ce wanda ya sayar yau ya rungumi asara, a yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu. Likita kuwa ya riga ya ce jijiyar idon ba za ta jira watan gobe ba.

Inna, mahaifiyar Auta, ta fito daga uwar ɗaki tana shafa bango.

"Malam, na ji kun yi tsit. An ɗauke wuta ne?"

Rana tana kwance a tsakar ɗakin, har kan ƙafafunta.

Maƙwabciyarsu, wadda ta yi alkawarin raka Inna asibiti, ta leƙo ta taga da jaka a hannu.

"Na goge mata kayan da za ta tafi da su. Jibi ne dai aikin, ko?"