Azarar Ɗakin Inna

Miliyan talatin da ɗaya. Abin da Abdul'aziz, kansilan garinmu, ya karanto mana ke nan daga takardar injiniya, muna zaune gindin dogon yaro gaban tsohuwar majalisa. Wani ya ce innalillahi. Wani ya tambaya ko da zinari za a yaɓe ta. Ni dai ban ce komai ba tukuna, kuma da na ci gaba da shirun nan da yau ba wannan labari nake ba ku ba.

Majalisar zaure ne na ƙasa mai ginshiƙi huɗu. Kakana ya gina ta zamanin Nasara. Nan masu gari na karkararmu ke taruwa su yanke maganar haraji da rijiya da burtalin shanu, nan kuma kansiloli na farko sunka zauna kafin a gina meri, ofishinsu na yanzu. Yanzu jemagu ne ciki, da awakin maƙwabta in rana ta yi. Wasu masu furoje, ƙungiyar ba da tallafi, sunka zo sunka ɗauki hotonta, sunka ce tarihi ce, za su ba da miliyan ashirin a gyara, amma sai an mai da ta yadda take, ƙasa da azara, ban da kwano.

Azarar ce ta cinye lissafin. Giginya namiji tsoho ake so, kuma wa zai sare giginya yau ma'aikatan daji su bar shi ya kwana gida? Sai an sayo daga wajen Gaya, da takardar izini, da hayar babbar mota. Abdul'aziz ya ce in ba a rage kuɗin ba masu furoje za su kai abinsu wani gari.

Ni Inusa magini ne, ɗan magini, kuma ba ni da ciwon da ya wuce na baki. Sai na ji kaina ina cewa, "Ai irin azarar ga akwai ta garin ga. Talatin da shida, lafiyarsu lau."

A gidanmu na magina, in an gama rufi, itacen da ya ragu na magini ne, cikin ladansa yake. Shekarar da Baba ya sake rufin majalisa ita ce shekarar da ya auri Inna, kuma da ragowar ya rufe mata ɗaki. Giginyar daji ɗaya, sara ɗaya. Na faɗi haka don a san ko mu su wane ne, wallahi iyakar nufina ke nan. Na ga Abdul'aziz ya ciro biro.

Washegari ya zo ɗakin Inna da injiniya. Mutumin ya hau turmi ya ƙwanƙwasa azarar da guduma, ya yi murmushi. Sunka ce za su rufe ma Inna ɗakin da kwano sabo dal, su shafe ƙasa da siminti, su sa ƙofar ƙarfe, sannan aikin majalisa duka ni zan riƙe. Abdul'aziz ya dafa ni ya ce, "Malam Inusa, aikin kakanka ne fa. Kai za ka bari ya faɗi?"

Na iske Inna tana tsintar wake a faifai. Shekarunta sun haura saba'in, hamsin da biyu daga ciki a ɗakin nan ta yi su. Nan ta haife mu, nan anka yi ma Baba wanka. Na durƙusa na yi ta zuba, kwano ba ya ɗiga, ba sauran yaɓe duk shekara, ba kunama. Ta bar ni har na gaji.

"Ka riga ka ce musu to?"

"Na ce, Inna."

"To mi kake tambayata?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na so ta zage ni, aradu na so. Ba ta yi ba.

Da hannuna na kwashe rufin, don ban yarda wani ya taɓa ba. Azarar baƙa ƙirin da hayaƙin shekaru, ga nauyi, ko gara ba ta lasa ba. Muna ɗagawa abubuwa na zubowa daga tsakaninsu: tsinken kitso, katin rigakafin ƙanwata Hindatu, askar Baba, wani ƙullin tsumma da ban san na mene ne ba. Inna na tsaye da ƙwarya tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Anka loda a amalanke, sawu uku.

Kwanon ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mata sunka zo kallo suna cewa tsohuwa ta shiga zamani. Sai bazara ta kama. Ɗakin da a da kake shiga da azahar ka ji kamar ka leƙa randa, yanzu kafin hantsi ya fi ƙarfin mutum. Inna ta kwaso tabarmarta ta koma bayan rumbu, tana bin inuwa tana jan tabarma. Da damina ta sauka kuma, ruwa kaɗan ne sai ƙara ta cika mata kai, ta fito ta rakuɓe a zaure har ya ɗauke. Ta rame. Na ce zan sa mata zana ƙarƙashin kwanon, ta ce in bari, kada in wahala.

Ni kuwa ina can ina aiki. Wata bakwai. Na san aikin ya yi, hannuna ya san haka, amma daɗin da nake jira bai zo ba. In tashi, in kwaɓa ƙasa, in ɗora, in dawo gida, in gai da Inna bayan rumbu, ta ce sannu da aiki. Haka kullum.

Ranar buɗewa anka kafa rumfuna, motoci sunka zo daga Dogon Dutsi, anka yi jawabi da Faransanci, anka ambaci sunan kakana ba daidai ba. Bayan la'asar, da jama'a ta watse, Inna ta ce in kai ta ta gani. Shi ne abu na farko da ta roƙe ni tun ranar wake. Na riƙe hannunta munka shiga.

Abin da ban gaya mata ba, sati biyu kafin nan injiniya ya turo masu fenti. Sunka wanke azarar da omo da buroshin ƙarfe, sunka shafa mata wani mai mai ƙyalli, wai don ta fito a hoto. Ina tsaye anka yi. Ban hana ba, na ce a raina ai ba tamu ba ce yanzu.

Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana duba. Ja-ja-wur, sai sheƙi.

"Waɗanga ba su ba ne."

"Su ne, Inna. Ga ma saran gatarin Baba can, ta kusurwa."

"Inusa, shekara hamsin ina kwance ina kallonsu. Na ce maka ba su ba ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta fita da kanta, ina bin ta. Muna fita mai gadi ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Har yau kansiloli a meri suke zamansu, can akwai fanka. Majalisa sai in baƙi sun zo ake buɗe ta.

Kwana huɗu bayan haka, ranar kasuwa, mijin Hindatu ya zo daga Kore Mairuwa da babur. Ashe Inna ta aika musu ban sani ba. Ƙullinta ɗaya, sai buta. Na ce, "Inna, kwana nawa za ki yi?" Ta miƙa ma mijin Hindatu ƙullin. Na ce zan nemo itace, ko na dogon yaro ne, in sauke kwanon in mai da mata rufin ƙasa kafin sanyi. Ta ce in riƙe mata butar ta hau.

Da ta zauna ta gyara mayafi, ta karɓi butarta, ta dubi ɗakin sau ɗaya.

"Ka zuba gero ciki. Kwano ba shi ɗiga."

Sunka tafi. Na tsaya a ƙofar gida ina jira in ji kuka ya taho, ko haushi, ko kunya. Ba abin da ya zo, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Da kaka ta yi na kwaso damman gero na jera su inda gadonta yake. Damma arba'in ɗakin ya ci, na ja ƙofar ƙarfen na kulle.