Ranar da Ya'akubu Ya Yi wa Sabulu Waƙa

Ni bugu ne sana'ata. Ya'akubu ya rina, ni in buga ya yi sheƙi, haka muke a unguwar Limanti ta Yerwa tun zuwanmu daga Kano. Idan rini ya mutu, ni ma na mutu.

Shekarar da aka samu 'yancin kai motar majigi ta zo Yerwa. Kafin a nuna komai sai aka sako tallar sabulun Balbela. Wata mata tana waƙa, ta tsoma baƙar riga cikin kwano, ta ɗago ta fara fat. Jama'a suka ɗauki salati. Na ce wa na kusa da ni, "A cikin abin nan ai ko jan barkono baƙi yake fitowa." Ya ce in rufe masa baki.

Da safe sai ga Hajja Ruƙayyatu, dillaliyar zannuwa daga Shehuri, wadda rabin abin da ke cikin karofinmu nata ne.

Ta ce, "Kai Afuno, ba ni kayana." Haka Barebari ke kiran Bahaushe. "Wa zai sayi rinin da sabulu ke cirewa?"

Ya'akubu ya ce, "Hajja, ai wata rigar suka musanya."

"Da idona na gani. Kai kana cikin kwanon ne?"

Ya aika aka sayo sabulun, ya tuɓe baƙar rigarsa ta rini, ya durƙusa a bakin hanya ya dirje ta cikin kwano. Mutane suka taru. Ya ɗago ta tana nan baƙa wuluk.

Hajja ta taɓe baki. "Ba ka yi waƙar ba. Waccan da waƙa ta wanke."

Jama'a suka ce wallahi gaskiyar Hajja ce.

Ya'akubu fa mutum ne mai furfura, mai jikoki. Ya dube ni, na dubi ƙasa, don ni ma tuwon gidana yana cikin kwanon nan. Sai ya gyara murya ya fara.

"Da muryar mata!" in ji wani mahauci.

Ya siranta ta. Har da kaɗa kafaɗa, don Hajja ta ce waccan ta kaɗa. Kumfa ya kai masa gemu. Ya ɗago riga, baƙa.

Hajja ta juya ta ciki da waje, ta shinshina. Ta ce, "To, bar kayan. Naka rinin taurin kai gare shi, kamar mai shi."

Muka tsira da cinikinmu. Amma kafin la'asar sabulun Balbela ya ƙare a kantin unguwa, wai sun ga yadda yake kumfa. Har yau kuma in ka shigo Limanti ka tambayi Ya'akubu marini, ba wanda zai gane. Ka ce Ya'akubu Balbela, sai a nuna maka gidan, a rera maka waƙar kyauta.