Bangon Shamsa

Shekara talatin ina kallon hasumiyar fitilar Sur daga cikin ruwa, ban taɓa zama a gindinta ba. Wannan aikin 'yan Maskat ne, masu zuwa hutu da tabarma da tukunyar shinkafa. Ranar Juma'ar nan ma matata Zuwaina ce ta ja ni.

"Musabbah, tashi mu je ka ga mutane," in ji ta. "Fuskar nan taka ta fara tsorata kaji."

Tana da gaskiya, amma dalili gare ni. Babana yana da wani dutse a ƙarƙashin teku inda yake zuba gura, tarkon kifi, bai taɓa dawowa hannu wofi ba. A nan kowa da idonsa yake riƙe wurinsa: ka daidaita abu biyu a tudu, ka daidaita wasu biyun, inda suka haɗu nan ne. Ba a faɗa wa kowa. Ni ɗansa ma, da mun kusa wurin sai ya sa ni kwance igiya, kaina a ƙasa. Sai da ya zo rasuwa ya ce, "Hasumiya a kan tsagar dutse. Bangon Shamsa a ƙarƙashin tsohuwar ganuwa."

Na farkon na sani. Amma wace ce Shamsa? Uwata Maryam ce. Shekara biyu ina zuba gura a yashi. Tambaya kuma babu hali, don da na tambayi masunci ɗaya, kashegari kwalekwale goma ne a kan dutsen ubana.

Bakin ruwa a cike yake, hayaƙin tsire ko'ina, mata har gwiwa cikin ruwa da baƙaƙen rigunansu, kowa na ɗaukar hasumiya hoto kamar za ta gudu. Zuwaina ta samu 'yan uwanta, ni kuma na nufi rumfar Halfan mai gahawa, wanda ciwon baya ya raba da kamun kifi.

"A'a! Yau kifi ya hau tudu," in ji Halfan. "Ko sun kore ka ne?"

"Zuba min, tsohon banza."

A jikin rumfarsa ya manna tsofaffin hotunan gari don baƙi. Ina cin dabino idona ya faɗa kan wani da aka ɗauka daga ruwa. Gidaje farare tas, sai bango ɗaya shuɗi a tsakiyarsu, can ƙasa da ganuwa. Na juya na dubi unguwar da idona. Babu shuɗi ko ɗaya.

Na kurɓi gahawa, na yi hamma. "Wane mara kunya ne ya yi wa gidansa wannan fenti?"

"Gidan Shamsa mai turare ke nan. Ɗanta ya dawo daga Dubai ya mayar da shi fari." Ya ƙura min ido. "Me ya dame ka da shi?"

"Muninsa."

Na girgiza kofi alamar na ƙoshi, na ajiye. Sai da na zagaya ta bayan masallaci don kada ya ga inda na nufa.

Na iske ta zaune a ƙofa tana tsince turaren lubban a faranti, tsohuwa ƙanƙanuwa. Na yi sallama, na tambayi lafiya da labari yadda ake yi.

"Ɗan Salmin ne," ta ce. "Kunnuwan nan ba a sayen su a kasuwa. Ka yi jinkiri."

"Inna, me ke tsakaninki da babana?"

Ta yi dariya har da tari. "Ji wawa! Fenti ne tsakaninmu. Kowace shekara bayan ƙaramar sallah yakan zo da gwangwani ya shafe bangon da ke kallon ruwa, ya ce gishiri na cinye shi. Duk ranar da ya fita kuma, kifi ɗaya nawa ne. Shekara arba'in."

"Ba ki taɓa tambayarsa dalili ba?"

"Ni 'yar masunci ce. Na san dalili, shi ya sa ban tambaya ba."

Na kankare bangon da farce. Shuɗin na nan a ƙasa.

"In na shafa shuɗi duka, Halfan zai gane," na ce.

"To shafa wa maƙwabta biyu ma, kowa da launinsa. Ka ce sadaka kake yi wa ubanka."

Asabar na shafa mata shuɗi, gidan dama kore, na hagu rawaya. Halfan ya aiko a tambaye ni ko na bar kamun kifi na koma fenti. Lahadi da hantsi na fita teku, na ɗora hasumiya a kan tsagar dutse, na ja a hankali har shuɗin ya shiga ƙarƙashin ganuwa. Na saki igiya mai dalma, na ji ta buga dutse.

Kifin farko na Shamsa ne, ban bari Zuwaina ta taɓa shi ba. Sai da na yi mata bayani sau biyu.