Cikin Malam Tsurumaru

Na tsani gidan Tsurumaru tun kafin a shimfiɗe mini tsohon a teburin binciken gawa. Duk unguwarmu a Kagoshima an san sandarsa ce ta kashe yaron nan Itsuki a ɗakin koyon takobi, amma ko gaisuwar mutuwa bai je ba. Yanzu kuma, ana tsakiyar bikin sabuwar shekara, wai ya farke cikinsa don wanke laifi. A wurinmu wanda ya yi seppuku, wato irin wannan kisan kai, ya biya bashin laifinsa, ba mai sake ɗaga maganar. Uwar yaron, Hamasaki, yanzu dole ne ta haɗiye fushinta, har ta zo ta rusuna wa gawarsa.

Na duba yankan. Daga hagu zuwa dama ya miƙe sak, alhali hannun mai rai sai ya yi rawa. Naman gefen kuwa fari fat, jini bai ratsa shi ba. Da na buɗe maƙogwaro sai ga curin mochi, tuwon shinkafar nan mai danƙo, ya toshe hanyar numfashi.

Ɗansa Naotake na tsaye a baranda cikin baƙar kimono, rigarmu ta gargajiya, sai hura hanci yake.

"Likita, ki sallame mu. Babana ya yi mutuwar maza."

"Babanka loma ce ta shaƙe shi. Wa ya yanka shi bayan ya cika?"

"Ke! Kin san da wa kike magana?"

"Da gwanin wuƙa mana. Ai ya koya maka da kyau."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Jikar masu tallan kifi! Me kika sani game da mutunci?"

"Ajiye wannan, ka faɗa wa 'yan sanda. Suna hanya."

Sai ya sauke murya, kuma wannan ya fi ba ni haushi. "Na rantse ya yi niyya. Ya ce bayan biki zai yi. Ki bar masa wannan mutuncin ɗaya."

"To, ai ya tsaya cin tuwo."

A bakin ƙofa na tarar da Hamasaki riƙe da fararen furanni.

"Likita, an ce ya biya," ta ce. "Dole ke nan in yafe?"

Doka ta hana ni buɗe baki kafin a kammala bincike. Na karɓe furannin daga hannunta.

"Yaya, koma gida. Ba wanda za ki rusuna wa."